Yadda Muka Kai wa Baba Tsohon Babur Ɗinsa Idi-Araba

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Agege, ni da wani abokina ɗan okada, a kan tsohon babur ɗina ƙirar Ingila. Babur ɗin nan ya girmi rabin mutanen layinmu. A bayan wani shagon goro na tsinto shi, kaji sun mai da shi gidan haya. Na yi ta bin kasuwanni da 'yan gwangwan ina haɗa shi guntu-guntu, har maƙwabta suka fara yi mini addu'ar samun lafiya.

Mai shi na asali wani dattijo ne da muke kira Baba, tsohon ɗan kasuwar goro, yana zaune wurin ɗansa a Idi-Araba. Idonsa ya yi rauni, kuma washegari za a mai da shi gida Arewa gaba ɗaya. Da ya ji labarin na gyara shi, saƙo ɗaya ya aiko mini: yana so ya ji kukan babur ɗin kafin ya tafi.

Har Ikeja hanya lafiya lau. Muka tsaya shan shayi da burodin Agege. Na yi ƙorafin tsada, mai shayi ya ce tun da farar hula suka karɓi mulki sukari ma ya shiga siyasa, kullum sai ya sake matsayi.

Oshodi kuwa sai wanda ya gani. Motocin haya, danfo kan danfo, kwandastoci na ihu kamar ana rabon gado. A cikin gosulo babur ya dinga mutuwa, ina buga kik har ƙafata ta yi murabus. Dole na ba abokina tuƙi. Na ce masa, “Ka kula, wannan ba irin naku ba ne. Giyarsa a dama take, birki a hagu.”

“Haba mutumina! Ni za ka koya wa babur a Legas?”

Daidai Ilupeju wata tirela ta fito da baya daga sito. Ƙafar gwanin ta yi abin da ta saba, ya taka dama da ƙarfinsa. Babur ya zabura, muka afka cikin tulin kwalaye. Na tashi sama har sai da na hango ganuwar Kano. Ba wanda ya ji ciwo, amma gilashin fitila ya tarwatse, inji ya yi tsit. Na buga, na buga, ko tari.

Haka muka tura shi cikin Mushin, gumi har cikin takalmi. Wata mata ma ta tsai da mu wai mu kai ta asibiti.

Muka tarar da Baba a kan tabarma ya kasa kunne. Ya ce, “Na ji sallama, ban ji babur ba.” Da muka ba shi labari ya yi dariya har da hawaye. Na huta, na yi bisimilla, na sake bugawa. Inji ya yi tari, ya yi atishawa, sai ya kama.

Baba ya lalubo tanki ya ɗora tafin hannunsa. Can ya ce, “Shi ne. To ɗana, tsayuwar me muke yi? Ɗauke ni.”

Na zaga da shi unguwa a hankali, yana ɗaga wa mutanen da ba ya gani hannu kamar sabon gwamna.

Bayan mun ci tuwo muka juyo da la'asar tunda ba fitila, muka iso Agege lafiya. Na koyi cewa ƙafa ba ta jin gargaɗi, abin da ta saba take yi. Gilashin kuwa na fasa neman wani. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya same shi, sai in ba shi kujera, don labarin da tsawo.