Bango Ɗaya da Ya Rage

Shekarar da mayo, wato kogin garinmu, ya cika ya shigo mana unguwa a Mubi, abu ɗaya na fitar daga shagona: kyamara, a cikin robar wanka, a bisa kaina. Jama'a suna ta jan katifu, ni ina rungume da roba. Yayata ta ce kaina ba daidai yake ba. Na ce ta je ta kwanta a jiƙaƙƙiyar katifarta mu gani.

Da ruwa ya janye na shiga gari ina ɗaukar hoto. Wake ya tsira a cikin buhuna, keke napep a kife cikin laka, awaki sun hau tulin bulo sun ƙi saukowa. In na kalla da idona, kuka nake ji. In na leƙa ta kyamara kuwa, sai ɓarnar ta samu iyaka, in iya numfashi. Ni dai da haka na yi jinyar kaina.

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya aiko a kira ni, wani dattijo manomi ɗan duwatsun Michika. Gidansa ya zube, bango ɗaya ya rage, mai shuɗiyar ƙofa. 'Yarsu tana karatun jinya a Jos, jarrabawar ƙarshe ta matso, ta ji labarin ruwa ta ce lallai sai ta taho. In ta taho, karatun ya tafi ke nan. Sun rantse mata lafiya lau suke, ta ce sai ta ga hoto.

Dattijon ya ce, "'Yata, ki ɗauke mu yadda ba za ta zo ba."

Na ce masa Baba, ni ba na ƙera hoto a kwamfuta, amma inda zan tsaya zaɓina ne. Wannan kam aikina ne, kuma a garin nan ban ga wanda zai koya mini ba.

Na sa aka share gaban bangon, aka zuba busasshen yashi. Matar fasto ta ara wa Mama, matar dattijon, zani, wani mahauci ya kawo benci. Na durƙusa cikin laka na matso sosai don kada kangon ya leƙo ta gefe. Saura Mama, idanunta sun kumbura, ta zauna a sandare. Na ce haba Mama, ai ba ofishin 'yan sanda aka kawo ki ba. Dariya ta ƙwace mata, Baba ya kamo hannunta, na danna.

Ba yabon kai ba, hoton ya yi kyau. Aka tura mata ta waya. Yarinya ta zauna, ta rubuta jarrabawa, ta ci.

Da ta dawo ta zo shagona gaisuwa. Ina ta baza kafaɗa, na tambaye ta ko yanzu ta yarda na iya aiki. Ta yi murmushi.

"Anti, tun ranar na san gidanmu ya faɗi. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Baba ya riƙe hannun Mama ba."

Na ce to me ya hana ki tahowa?

"Na ga irin wahalar da suka sha don in zauna. Sai na zauna."