Inda Hannunta Ke Kaiwa

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kowa a layinmu ya san haka, ni ma na sani. Shekara ashirin da biyu ina gyaran wutar mota, kuma babu abin da na tsana irin mai mota ya tsaya a kaina yana ba ni tarihi. Faɗa min abin da ta yi, ka koma kan benci, shi ke nan. Wannan hali ne ya sa na goge wa Baba Dogo abu ɗaya da ya rage masa na matarsa, cikin minti biyar, ina ma jin kaina gwani.

Baba Dogo ɗinkin labule yake yi. Shagonsa na can ƙarshen layinmu, bayan mai walda. Tsawo ne da shi na ban mamaki, ba ya taka tsani in zai rataya labule, kuma ban taɓa ganinsa babu tef ɗin awo a wuyansa ba. In ya shigo ɗakinka, kafin ya amsa gaisuwa idonsa ya riga ya auna tagarka. Matarsa kuwa 'yar ficiciya ce, da ƙyar take kai masa ƙirji. Shi yana ce mata Guntuwa, ita tana ce masa Sandar Labule, haka suka yi shekara arba'in a shago ɗaya. Shi ke awo da yanka da ratayewa, ita ke kalmasa baki da ɗinka zobba. 'Yarsu ɗaya ce, tana aiki a wani gari mai nisa.

Bara matar ta rasu. Na je gaisuwa, na dawo kan aikina, daga nan ban ƙara waiwayarsa ba. Ina dai hango shi da safe yana buɗe rabin ƙofar shagon, da yamma ya rufe. Keken ɗinkinta na nan a rufe da ƙyalle. Masu kawo aiki suka yi ta raguwa, don gaskiya bakin labulensa ya daina miƙewa tun da hannunta ya fita daga ciki.

Wata safiya sai ga shi ya shigo gareji da motarsa, doguwa mai ƙofar but, wato ma'ajiyar kaya, a baya, irin wadda ake danna maɓalli ta ɗaga da kanta, a sake dannawa ta sauka ta kulle. Ya ɗaure ƙofar da igiyar labule mai tuntu, har da kyakkyawan ƙulli.

Ya ce, "Ɗana, ƙofar nan ce ta ƙi rufuwa. Tana buɗewa, amma in na danna sai ta sauko, ta kusa kaiwa, ta yi ƙara sau uku ta koma sama. Kwana tara ke nan."

Na ce, "To, Baba, na ji."

"Amma kafin ka taɓa ta, akwai abin da nake so ka sani game da yadda take…"

"Baba, ga benci can. Ni da ita za mu fahimci juna."

Ya dube ni, ya haɗiye maganarsa, ya je ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa.

Na kwance igiyar na danna. Ƙofar ta ɗaga, amma ba ta kai ƙarshe ba, ta tsaya can ƙasa-ƙasa, har ni da ba ni da tsawo hannuna ya kai mata ba tare da na yi ɗage ba. A raina na ce, ashe cuta biyu ce: ba ta buɗewa duka, ba ta rufuwa. Na duba fis, lafiya lau. Na duba ɗan makunnin da ke cikin akwatin gaba, wanda ake kashe ƙofar da shi, a kunne yake. Na bi robar gefen ƙofar da yatsa, wadda ke sa ta koma sama in ta ji hannun mutum, babu inda ta yage. Na murza wayoyin da ke bi ta maɗaurin sama, babu wadda ta tsinke. Raina ya fara ɓaci, ga motoci uku na jirana. Sai na yi abin da muke yi in mun gaji da lallashi: na cire kan batir, na bar ta ta manta duk abin da ta sani, na mayar, na rufe ƙofar da hannu, na danna.

Ta tashi sumul, ta wuce inda take tsayawa, ta yi sama har ƙarshe.

Na ce, "Ka gani, Baba? Rabin aiki ya ƙare. Yanzu ko kai sai ka shige ƙarƙashinta ba ka sunkuya ba."

Ya taso a hankali ya tsaya a bayan motar, ya ɗaga kai yana kallon ƙofar. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Ta wuce."

"Me ya wuce?"

"Ba nan take tsayawa ba."

Na ce ai da lalacewa ta yi, yanzu ta dawo daidai. Na danna don ta rufe, ta sauko, ta yi ƙara sau uku, ta koma sama, kamar ban yi komai ba. Sai a lokacin na durƙusa na haska tocila cikin ramin makullin da ke ƙasa, wurin da ya kamata in fara dubawa. Wani ɗan zoben labule ne ya faɗa ciki ya maƙale, ya hana harshen makullin kamawa. Na sa filaya na zaro shi. Na danna, ƙofar ta sauka ta kulle tsaf. Abin da ke damunta ke nan tun farko. Cire batir ɗin nan da na yi, babu abin da ya gyara.

Na miƙa masa zoben. Ya juya shi a tafin hannunsa, sannan ya faɗa min abin da na hana shi faɗa, yana magana a hankali kamar mai ba da haƙuri.

'Yarsu ce ta kawo musu motar, lokacin da kafaɗar uwar ta fara ciwo. Ranar farko da suka je kai labule, ƙofar ta yi sama, Guntuwa ta yi ɗage, ta yi tsalle, hannunta bai kai maɓallin ba. Ta ce ita ba za ta shiga motar da ta raina ta ba. Sai 'yar ta sauko da ƙofar daidai inda yatsan uwar ke kaiwa, ta danne maɓallin har motar ta riƙe wurin. Tun daga ranar, a nan ƙofar take tsayawa. Rufe but ya zama aikin Guntuwa, ba ta yarda kowa ya taɓa. Shi kuwa kusan duk fita sai bakin ƙofar ya ƙwale shi a goshi, ita kuma ta yi dariya ta ce, "Ka sunkuya mana, Sandar Labule."

Ya ce, "Kayanta 'yarmu ta raba wa dangi. Ɗakin ma an sake fenti. Wannan ne kawai ba wanda ya san da shi. In na buɗe ta tsaya a nan, sai in ga kamar tana gefena za ta miƙa hannu."

Kunya ta rufe ni, wallahi ban san inda zan sa fuskata ba. Na ce, "Baba, ana iya mayarwa. Faɗa min tsayin kawai, yanzu in saita maka."

Hannunsa ya tafi kan tef ɗin wuyansa ya tsaya. Mutumin da ya haddace awon tagogin rabin gari. Ya ce, "Ban taɓa aunawa ba. Me zai sa in auna, tana nan?"

Muka gwada da ido. Na sauko da ƙofar, ya ce ta yi ƙasa. Na ɗaga, ya ce ta yi sama. Na sake saukowa, ya ce bai sani ba, kada mu yi ƙarya. Na ce ya kira 'yarsa. Ya kira, ya sa wayar a fili don kunnensa ya yi nauyi. Tana cikin hayaniyar wurin aiki. Ta ce, "Baba, ina zan tuna? An fi shekara shida fa. Ai gara ma haka, ka huta da buge kai. Zan kira ka anjima, ka ci abinci dai ko?" Ya ce ya ci. Ya mayar da wayar aljihu, ya naɗe igiyar labulensa, ya yi min godiya, ya tafi. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Mako biyu ina lura da shi daga bakin gareji. Bai ƙara buɗe but ɗin ba. In zai kai aiki, sai ya lanƙwasa labulen ya cusa a kujerar baya, sandunan kuma ya fito da su ta taga. Ƙofar da na gyara lafiyarta ƙalau, ba mai taɓa ta. Ni kuma duk wanda ya kawo min mota sai na bar shi ya gama maganarsa, har mai walda ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Ran nan da rana na wanke hannu na nufi shagonsa. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ɗaki ne dogo, yadudduka jere a kanta, ƙura ta kwanta a kan na sama. Kujeru biyu, ɗaya doguwa, ɗaya an yanke mata ƙafafu. Yana zaune yana fama da zare ya ƙi shiga allura, babu rediyo, babu kowa. Na ce taga ce da ni a gida da ke son labule, wanda ƙarya ce, tagata jarida na manna mata tun da na kama ɗakin. Ya ɗago zai tambaye ni faɗinta, hasken ƙofa ya faɗa masa a fuska. Sai na ga abin da na yi ta kallo ban gani ba: wani ɗan tabo a kwance saman girarsa ta hagu, ya yi baƙi ya yi kanta, irin na wurin da aka daɗe ana bugu.

Na ce, "Baba, in ƙofar nan ta buge ka, a tsaye kake ko a sunkuye?"

Ya ce, "Da a sunkuye nake, ai da ba ta same ni ba. Rigimarmu ke nan da ita."

"Kullum nan take samunka?"

Ya shafa wurin. Na ga lokacin da ya gane, don hannunsa ya tsaya cak a kan tabon.

Muka fita inda motar take. Ya ce in dakata, ya koma ciki ya sako takalman da yake fita kai aiki da su, don kada awon ya kuskure. Ya tsaya a bayan motar ya miƙe sosai, kamar za a ɗauke shi hoto. Na buɗe ƙofar, na riƙo ta da hannu biyu ina saukowa da ita kaɗan-kaɗan, har bakinta ya zauna a kan tabon, daidai wa daida. Ya ce, "Nan ne." Na danne maɓallin na riƙe har ta yi doguwar ƙara. Muka rufe, muka buɗe. Ta taso ta tsaya a wurin.

Sai ya zare tef ya auna daga ƙasa, sau biyu, ya rubuta da alli a jikin bangon shago, ya kuma rubuta a bayan hannunsa.

Bai yi kuka ba. Ya shiga ya ɗebo labulen da ya gama, ya shimfiɗa su a but yadda ya saba, ya gyara musu zama. Da ya ɗago zai juyo, bakin ƙofar ya ƙwale shi a goshi, har na ji ƙarar. Ya dafe wurin yana murmushi, ya ɗan karkata kai gefen dama, can ƙasa, yana jira.

Na san maganar da yake jira, tana bakina, amma ba tawa ba ce. Da ya ga jiran ya isa, sai ya miƙa hannu ya danna maɓallin da kansa.