Liyarin da Kaka Ta Kai Shaida

Kakata ba ta da takarda ko ɗaya a duniya, sai liyari guda, tsohon kuɗin azurfa mai nauyi. Mahaifinta ne ya ɗinke mata shi a bakin zane da za su taso daga Kano a ƙasa, ta Chadi da Sudan. Sauran liyaran an cinye su a hanya. Wannan ya iso Makka tare da ita, suka zauna a unguwar Tandabawi.

A jikinsa akwai hoton wata mata mai kumatu da mayafi. Mutanen Makka suna ce masa riyal faransi, alhali matar sarauniyar Ostiriya ce, babu ruwanta da Faransa. Ko bayan rasuwarta an ci gaba da buga shi, don fatake sun ƙi yarda da wani kuɗin. Kaka dai Hajiya take ce mata.

Wata shekara aka aiko cewa ƙanwarta, wadda aka bari wajen goggo tun tana rarrafe, tana kwance a Kano. Kaka ta ce sai ta je. To amma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, in ta fita babu dawowa, ga ’ya’ya da jikoki duk a nan. Na kai ta wajen wani mai bin takardu a unguwar Utaibiyya. Ya ce a kawo duk abin da zai nuna shekarar da ta shigo.

Kaka ta kwance ƙullinta, ta ɗora liyarin a kan tebur.

Ya juya shi, ya karanta. “Alif da ɗari bakwai da tamanin. Masha Allah, ya Hajja, kin daɗe.”

Sannan ya yi bayani cewa duk irinsa wannan shekarar ce a jiki, ko da jiya aka buga shi. Na yi dariya, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan.

“Ita ba a tambayarta iƙama?” in ji Kaka, tana nuna matar da ke jikin liyarin.

“Ita azurfa ce, ya Hajja.”

Muka dawo gida. Bayan saukowa daga Arfa ta sa aka nemo wani alhaji mai komawa Kano, ta damƙa masa liyarin.

“Ka kai wa ƙanwata. Ka ce mata a cikinmu wannan ce kaɗai ke iya tafiya.”

Alhajin ya cika alkawari. Ya isa gidan ya tarar ana sadakar uku.