Guduma da Kunne

Kamfanin wayar tarho na ƙasa ya sha sauya suna tun da Mai Kunne ya shige shi, kuma kowane suna da fentinsa yake zuwa. Lokacin da aka ɗauke shi aiki yana saurayi, tarho da wasiƙa ma'aikata ɗaya ce, motocinsu kore. Da gwamnati ta raba su ta yi wa tarho kamfaninsa, motoci suka koma ruwan toka. Manya a sama suna ta canza tambari, falwayoyin katako kuwa suna nan inda aka kafa su, gara tana cin su ta ciki ba ruwanta da sunan mai su.

Masu gyaran layi bibbiyu suke fita, kuma suna da ƙa'idar da ba a rubuta a ko'ina ba: mai hawa ba ya ƙwanƙwasa, mai ƙwanƙwasa ba ya hawa. Tsofaffin aikin sun ce mutumin da yake ƙagara ya hau ya gama, abin da yake so ya ji shi zai ji. Don haka ɗaya yake bugun gindin falwaya da guduma ya kasa kunne. Lafiyayyen katako amsawa yake ƙwal, wanda gara ta cinye kuwa sai ka ji kamar an bugi katifa. In ta yi kyau ya ce, "Hau." In ba ta yi ba, ya zana mata gicciye da farin fenti daidai ƙirjin mutum, kowa ya san ba a hawanta sai an zo da mota mai ƙugiya. A wannan sauraron ya sami sunansa, har na yanka ya ɓace.

Mai hawansa Kadangare ne, siriri, mai surutun tsiya, wanda daga baya ya auri ƙanwar Mai Kunne, Auta. Tun daga ranar ya koma kiransa Yaya, amma bai fasa tsokanarsa ba.

"Yaya, na ba ka raina, ka ba ni ƙanwarka. Wallahi kai ka ci riba, ni raina ba ya masifa."

"Hau ka daina cika ni da baki," in ji Mai Kunne.

Zamani ne da ake ji da su. Mutum sai ya shekara yana jiran a ja masa layi, ranar da motarsu ta tsaya a ƙofar gidansa har maƙwabta sai sun fito kallo. Attajirai na kiran su injiniya, su da ko sakandare ba su gama ba, su kuma ba su taɓa gyara wa kowa ba.

Kunnen dama tsawa ce ta tafi da shi. Wata damina yana gwada layi, wayar gwaji na manne a kunnensa, aka yi walƙiya can nesa ta biyo waya. Ya tashi daga ƙasa yana dariya, ya ce ba komai, ya koma juya wa falwaya kunnen hagu. Na hagun ba wanda ya taɓa shi. Shekaru ne suka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake rage fitila.

A daidai lokacin ne wayar salula ta shigo, kamfanin ya fara mutuwa a tsaye. Mai sayar da ruwa ma ya sami waya a aljihu, wa zai jira layi? Aka daina sayen sababbin falwayoyi, aka daina gyaran motar ƙugiya, ɓarayi suka riƙa yanke jan ƙarfen wayoyi. A ofis fanka ta mutu, ba wanda ya tambaya. Sai aka ce an sayar da kamfanin, cinikin ya lalace, aka sake sayarwa. Duk sanda aka yi sabon mai gida sai a tara ma'aikata a farfajiya a faɗa musu su iyali ɗaya ne, kuma duk wanda ya daɗe a wurin ya san bayan wannan maganar sallama ce take biyowa. Waɗanda likitan kamfani ya samu da wani ciwo su ake fara sallama.

Mai Kunne ya ɓoye nasa. Ya koyi kallon leɓɓa. Ya koyi gyaɗa kai daidai inda magana ta tsaya, da yin dariya in ya ga wasu sun yi. A gida matarsa ta ce ya zama mai girman kai, ya bar ta a haka, don ya fi masa sauƙi. Tsoro yake ji, tsoro mai tsanani, na mutumin da bai iya komai ba a duniya sai abu ɗaya, abin kuma ya gudu ya bar shi. Abin da ya cece shi fararen gicciyen nan ne. Yawancinsu da hannunsa ya zana su lokacin yana ji. Yakan buga guduma, ya karkata kai kamar mai sauraro, idonsa kuwa na kan katakon. Babu gicciye, "Hau." Akwai gicciye, a wuce. Ya san gara ba ta tsaya a ranar da kunnensa ya tsaya ba, amma ya hana kansa tunanin.

Masu saye na ƙarshe suka zo da launin ruwan lemo. Suka ce kafin ranar buɗe sabon suna, kowace falwaya a babban titi a shafe ta daga ƙasa zuwa sama da kan mutum, don jama'a su ga kamfani ya farfaɗo. Ba su san da gicciye ba, kuma ba laifinsu ba ne, tun da ba a rubuce yake ba. Masu gyaran layin da kansu aka ba burushi. Wani a cikinsu ya ce, alamomin fa? Sauran suka ce, mene ne abin damuwa, ga Mai Kunne, a sake bugawa mana. Duk suka juya suka kalle shi suna murmushi. Shi ma ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya tsoma burushinsa.

Bayan an buɗe sabon suna aka tura su gyaran wani layi a babban titi, kusa da tashar mota. Hantsi ne, rana ta fara zafi. Falwayar tana sheƙi, fes da ita kamar sabuwa. Mai Kunne ya durƙusa ya buga. Ya ji bugun a tsintsiyar hannunsa, bai ji komai a kunnensa ba. Ya sake bugawa. Ya shafa katakon ko yatsunsa za su gano gicciye a ƙarƙashin fenti, amma fentin mai kauri ne, sun yi aikinsu da kyau.

Da ya ɗago, Kadangare ya riga ya ɗaura bel ɗin hawa, yana tsaye yana kallonsa. Leɓɓansa suka ce, "Yaya, yaya dai?"

Kalma ɗaya ce za ta hana, kuma ya san ta. Amma bayanta akwai tambaya, bayan tambaya akwai likita, bayan likita akwai ƙofa.

"Hau," ya ce.

Bai ji karyewarta ba. Gani ya yi kawai mutanen tasha sun juyo gaba ɗaya bakinsu a buɗe.

A asibiti aka ce ƙashin baya ne, da wani abu a ciki da ba ya gyaruwa. Da la'asar Mai Kunne ya shiga ɗakin, Auta na zaune a bakin gado tana yi wa mijinta fifita da kwali. Kadangare ya yafito shi da yatsa. Mai Kunne ya sunkuya. Leɓɓan sun kumbura, sun fashe, ba sa motsi yadda ya saba karanta su. Kadangare ya yi magana mai ɗan tsawo, idonsa cikin na Mai Kunne, sannan ya tsaya yana jira. Mai Kunne ya yi abin da ya saba, ya gyaɗa kai. Auta ta daina fifita, ta dubi yayanta, ta dubi mijinta, ta rufe fuska da mayafi. Washegari da safe Kadangare ya rasu.

Kamfanin ya rubuta cewa haɗari ne na tsufan katako. Ba a cika shekara ba kamfanin ya rushe gaba ɗaya, aka sallami kowa, mai ji da kurma, aka sayar da ginin, aka tumɓuke falwayoyin babban titi da fentinsu ko kwailewa bai yi ba. Aikin da Mai Kunne ya kare da wannan kalmar bai kai shi wata damina ba.

Yanzu yana gadin wani shagon sayar da wayoyin salula. Guduma na nan a ƙarƙashin kujerarsa. Abin da yake cinsa ba faɗuwar ba ce kaɗai, maganar nan ce. Yafe masa aka yi? Amanar yara aka ba shi? Ko tambayarsa aka yi ko ya ji katakon da kyau, ya gyaɗa kai ya yi wa mai mutuwa ƙarya? Auta ce kaɗai ta ji. Tana gaishe shi yadda ya kamata, tana aiko masa da abinci, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Shi kuma ya san tambayarta daidai take da faɗa mata komai, don wanda bai ji mutum a kusa da kunnensa ba, bai ji falwaya ba.

Ya yi shekaru yana ɗauke da ita. Wata rana da rana tsaka ya je gidanta, ya same ta tana shanya a tsakar gida.

"Auta, ranar nan a asibiti, me ya ce mini?"

Ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Ya ga mamaki a fuskarta, ya ga mamakin ya wuce, wani abu ya maye gurbinsa a hankali. Ta ajiye rigar a bokiti. Ta matso har gabansa, ta ɗaga fuska yadda zai ga bakinta sosai, ta yi magana sannu-sannu, kuma wannan karon bai rasa ko kalma ɗaya ba.

"Tun yaushe ka daina ji, Yaya?"