Siraran Layukan Allon Kaka

Har yau idan ruwan Yawunde ya soma dukan kwano da magariba, murhun Kaka Dudu nake tunawa. A rumfar ƙofar gidanmu yake a unguwar Briqueterie, inda take suyar ƙosai da dama kunu. In ta sauke kasko sai mu jikokinta mu kewaye garwashin, ta miƙe ƙafa tana mita wai mun fi sauro naci.

A saman rumfar akwai allon da mahaifina ya rubuta mata. Sana'arsa ke nan, rubutun allunan shaguna, kuma daga Nkomkana har Elig-Edzoa an san hannunsa. Haruffansa a karkace suke, sun ɗan sunkuya gaba kamar mai hawan tudu da tulu. Inda buroshi ya sauko sai layin ya yi kauri, inda ya hau ya zama siriri kamar zare, kowane harafi da 'yar ƙafarsa a ƙasa. Teloli da masu turare sun fi sonsa, wai yana sa shago ya yi kwarjini. Aibinsa ɗaya: ruwa da rana siraran layukan suke fara ci. Shi ya sa duk shekara Baba ke zagayawa yana sabunta su.

Da kiriz ta zo, wato matsin tattalin arziki, aka zaftare albashi, shaguna suka yi ta rufewa, wanda ke neman na tuwo kuwa ba ya kiran mai fenti. Baba ya yanke shawarar tafiya Gabon neman aiki. Ranar da zai tafi ya hau benci ya bi allon Kaka da sabon fenti, sannan ya durƙusa gabanta.

"Inna, kafin siraran nan su koɗe na dawo, in Allah Ya yarda."

Kaka ba ta iya karatun boko ba, amma daga ranar ta zama mai gadin allon. Ta hana kowa taɓa shi. Kullum kuma takan rufe tuwonta a kwano ta ajiye ko Baba zai iso da yunwa, da safe ta ɗumama mana. In mahaifiyata ta yi magana sai Kaka ta ce ita ta ƙoshi da ƙamshin mai.

A shekarun nan ne ta fi yi mana wata tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce mun ba ta.

Wai wasu 'yan'uwa ne ƙatta da ke tsaye a ƙofar gari suna tare iska, har bayansu ya karkace. Suna da ƙanwa siririya mai zirga-zirga tsakaninsu, ta riƙe hannun wannan ta kai wa wancan saƙo. Matafiyi in ya hango su a haɗe, ya san garin da ya iso. Da fari ya zo abinci ya yi wuya, ƙanwar ta riƙa tura musu rabonta tana cewa ta ci. Su kuma ba su bincika ba, tun da dama can siririya ce. Tana ramewa tana ramewa, har wata safiya suka miƙa hannu suka ji wayam. Suna nan tsaye da ƙarfinsu, amma babu mai iya gane garin, ko 'yan garin da suka yi tafiya sai su zo su wuce.

"To Kaka, ba ta dawo ba?" na taɓa tambayarta.

"Ke dai Asabe kin cika bin diddigi. Ɗauki fitila ki duba min, siraran suna nan?"

Nakan ɗaga fitila in faɗa mata abin da na gani. Da fari suna nan. Bayan damina biyu na ce sun soma dusashewa. Wata rana na ce, "Kaka, masu kaurin kaɗai suka rage." Ta daɗe tana juya toka da tsinke, sannan ta ce, "To, ya makara. Bai saba ba." Ranar ba a yi tatsuniya ba, kuma tuwon ta rufe shi kamar kullum.

Ba a jima ba wani ɗan unguwa ya dawo daga can da labarin zazzaɓi ya ɗauke Baba tun bara. Kaka ba ta kai azumi ba. Mahaifiyata da ta yi mata wanka ta fito tana kuka, ta ce ba ta san haka ta ƙare ba sai da ta ɗaga ta. Bayan arba'in kawunnaina suka watse, kowa da garinsa, ba mu sake zama wuri ɗaya ba.

Yanzu a wurin buga kati nake aiki. Irin rubutun Baba yana cikin kwamfuta, muna sa shi a katin biki da kwalin turare. Nakan gaya wa masu kawo aiki a bar shi da girma, don in aka ƙanƙanta shi siraran ɓacewa suke. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kada mu yi haɗama. Sai da na girma na gane labarin kanta take ba mu, mu kuma muna saurare da ɗumamen tuwonta a cikinmu. Abin yana min ciwo har gobe.

Allon yana ɗakina. Kwanaki 'yata ta tsaya gabansa tana ƙoƙarin haɗa baƙi, ta kasa, ta ce in kai a gyara mana. Na ce mata a'a, Kaka ta ce mai gyaran yana hanya.