Na Je Aliero Ɗauko Balki, Na Dawo Ni Kaɗai

Ana sallame sallar asuba muka bar Maiyama, ni da wani abokina mai tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Yayana ne ya kira ni daga ƙauyensu da ke bayan Aliero. Ɗiyarsa Balki, 'yar aji huɗu a firamaren gwamnati, ta zo ta ɗaya a zangon farko, a na biyu kuma ta gangaro tsakiyar aji. Ya yanke shawara in zo in ɗauke ta in sa ta makarantar kuɗi a wurina, in kuma ba zan iya ba, ta zauna gida ta huta da wahala.

Hanyar Jega ba laifi, sai dai manyan motocin da ke tahowa daga kudu ba su san akwai wani a kan titi ba. A tashar Jega muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai toyawa ko ƙosan azumi ya yi. Daga nan muka miƙa Aliero, kuma tun kafin mu ga gari hanci ya gaya mana mun iso. Albasa ko'ina: a buhu, a rumbunan kara, a bayan babura. An gama cira, masu ajiya suna jiran farashi ya ɗaga, masu saye suna rantsuwar ya riga ya ɗaga.

Ban tsaya gidan Yaya ba, makarantar na fara zuwa, don a raina na gama yanke hukunci cewa malamai ne suka yi sake. Na tarar da malamar ajin, mace mai fara'a, tana fama da yara cike da ɗaki, wasu a benci wasu a tabarma. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, wane aji kake tambaya? Na zangon farko ko na biyu? Ai ba ɗaya ba ne."

A nan kaina ya fara ɗaurewa. Ashe bayan an kawar da gero da dawa, makiyaya suka sauka a bayan gari, 'ya'yansu suka shigo ajin. Lokacin cirar albasa kuma 'ya'yan manoma da yawa suka ɓace, sai ranar jarabawa aka ga wasunsu. Ga kuma 'ya'yan ƙananan ma'aikatan jami'ar Aliero da suka kama haya a kusa, waɗanda a gida ma Turanci suke yi. Ta ce waɗannan suna cinye jarabawar Turanci amma Hausar da take bayani da ita tana ba su wuya. 'Ya'yan ruga akwai masu kaifin lissafi, sai dai in aka rubuta tambayar da Turanci su tsaya suna kallonta. 'Ya'yan manoma kuwa sun fi kowa gane bayani, in sun zo.

Na tambaye ta to Balki gaba ta yi ko baya. Ta ce karatunta ya fi na da, makinta ma bai ragu ba, mutane ne suka ƙaru a gabanta. Na ce to makarantar fa, tana ƙoƙari ko ba ta yi? Ta ce ita ma in an tambaye ta daga ofis rasa amsa take yi, domin yaran da ta fara shekara da su ba su ne take ƙarewa da su ba.

Na hango Balki a benci na biyu, kanta haɗe da na wata yarinya mai kitson Fulani, Dije. Ita ce ta zo ta ɗaya a lissafi. Balki na karanta mata tambaya tana fassara mata da Hausa, Dije na nuna mata yadda ake rabawa da yatsu, tana ƙirgawa da Fillanci. Na daɗe a bakin taga ina ƙoƙarin gane wace ce ke koya wa wata, ban gane ba.

A gida aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, da fura mai sanyi daga rugar su Dije. Na kwashe duk abin da na gani na gaya wa Yaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni ban gane ba. Ɗiyag ga ta ƙaru da ilimi, kuma an wuce ta? To mi aka aunawa?"

Da Balki ta dawo, ya kira ta ya ce ta shirya kayanta za ta bi ni. Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, "Baba, ka bar ni. Wanga zango ni ka zuwa ta ɗaya. Su Dije tashi za su yi da an yi ruwan farko na damina."

Fuskar Yaya ta washe nan take. Ya ce, "Ka ji! Ashe abin mai sauƙi na. Bar ta nan." Ya shiga ba abokina labarin yadda ɗiyarsa ta gado shi a ƙwaƙwalwa. Bai lura ba, ni na lura, yarinyar ta juya tana goge ido da bakin hijabinta.

Da la'asar muka kamo hanya, da buhun albasa a bayan mota da ya raka mu da ƙamshinsa har Maiyama. Abin da na koyo a tafiyar bai fi wannan ba: in yaro ya ce maka ya zo na kaza a aji, kafin ka yi murna ko faɗa, tambaye shi su wa suka zo makaranta a zangon. Matata ta tare ni a ƙofa tana leƙa bayana, ta ce ina yarinyar. Na ce tana can, za ta zo ta ɗaya. Ta ce alhamdu lillahi. Ni kuwa har yanzu ban san ko abin barka ba ne.