Ƙwaron da Umaru ya kawo Argungu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Umaru, malamin gona, kuma har yau ban huce ba. Masu cewa in yi haƙuri su yi min afuwa, na gwada, abin ya ƙi.

Lokacin da kainuwa ta fara toshe hanyoyin ruwan fadamar shinkafa a Argungu, shi ne ya yi ta zarya tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato har aka ba shi wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, wanda ba ya cin komai sai ganyen kainuwa. Ya zuba shi a wani ƙaramin tafki domin ya hayayyafa, ya ce a ba shi damina biyu.

Rashin sa'arsa, ƙwaron ya yi kama da wanda ke ɓarna a rumbu. A shekarar kuwa gero ya yi ƙwari a wasu gidaje, kamar yadda ya saba yi tun zamanin kakanni. Wani dattijo, Alhaji Bawa, ya tare shi a bakin kasuwa, ya ce, "Malam, ƙwaron da ka cin hatci shi na kak kawo muna?" Umaru ya ɗebo shi a tafin hannu, ya barbaɗa masa gero, ƙwaron ko kallo bai yi ba. Babu wanda ya tsaya ya gani.

Mutanen da suka kasa haɗuwa su cire kainuwa daga gonakinsu, ranar suka yi gayya har da makaɗa, suka kwashe ta tafkin Umaru kakaf, suka shanya, suka cinna mata wuta har da ƙwaron da ke cikinta. Aka kai ƙararsa, aka mayar da shi ofis. Ya dawo gidanmu na Nassarawa, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya koma shiru. Ya rasu ana kiransa wanda ya lalata rumbunan talakawa, 'ya'yansa ma sun sha gori a makaranta.

Yau kainuwa ta rufe hanyoyin ruwan, kwalekwale ba ya wucewa, gonaki da dama an bar su. A watan jiya sai ga Alhaji Bawa da mutanensa a zaurena, wai in raka su Sakkwato a roƙo musu ƙwaron, tunda na san ofishin da ya ba Umaru shi. Na ce to, da sharaɗin su faɗa a gaban jama'a cewa sun yi wa Umaru ƙazafi. Alhaji ya gyara zama, ya ce, "A bar tone-tone, wanda ya riga mu sai addu'a."

Wato ƙwaron Umaru suke so, sunansa kuma ya zauna cikin dattin da suka jefa shi. Na san da Umaru yana raye, shi zai riga su shiga mota, har ya biya wa Alhaji kuɗin kujera. Allah ya jiƙansa, halinsa ke nan. Ni ba Umaru ba ne, ban raka su ba.